Eulalio Mai Aski da Bindiga Mai Ɗana Kanta

Gara in ba ku labarin nan da bakina, don idan kuka ji shi a bakin Rufino zai ƙara masa gishirin da za ku ce ko almakashi bai kamata a bar ni da shi ba. Sunana Eulalio Fretes, shekara talatin da huɗu ina aski a bakin layinmu a garin Villarrica. Ni gajere ne, bahago ne, kuma a lokacin da abin ya faru ni ne shugaban kwamitin unguwa, muƙamin da na samu saboda ranar zaɓe mu huɗu ne kawai muka je taron, sauran ukun kuma suna sauri.

Wata Talata ce a watan Janairu, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar bazara, da tsakar rana, lokacin da zafi ke kwantar da kowa har karnuka. Na rufe shago, na ci abinci, na hau gadon lilo a ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu. Da na farka babu tukunyar gas a kicin ɗin waje, babu wandunana biyu a kan igiya, babu takalman da na cire na ajiye a ƙarƙashin lilon. Wato ɓarawon ya durƙusa a ƙarƙashina, ya ɗauki takalma, ya miƙe, ya yi tafiyarsa. Matata Delfina ta ce ita abin da ya ba ta mamaki shi ne bai naɗe ni cikin lilon ya wuce da ni ba, don da ya yi haka sai da yamma za ta lura, idan ta ji shiru ba a tambayi abinci ba.

Da wani aka yi wa satar nan, da an jajanta masa an wuce. Ni kuwa shekara talatin da huɗun nan ina yi wa mutane aski ina ba su labarin aikin sojan da na yi a dajin Chaco, yadda nake jin tafiyar maciji a cikin barci, yadda kyaftin ɗinmu ba ya runtsawa sai ya tabbatar ni ke gadi. Mutumin da reza ke kan maƙogwaronsa ba ya musu, shi ya sa labaran suka yi ta tsawo babu mai rage musu. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Rufino Galeano, mai gona da shanu a bayan gari. Tare muka yi aikin sojan, kuma shi ya tsaya wa 'yarmu ranar baftisma, don haka muke kiran juna kompadre. Rufino ya san watanni goma sha takwas ɗin nan a kicin na yi su ina feren rogo, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya fi jin daɗin riƙe abin a aljihu yana kallona.

Washegari ya zo shago ya zauna a benci, ƙoƙon terere, shayin ganye mai sanyi da muke sha, na zagayawa, ya jira sai da ya ga wuri ya cika.

"Kompadre, an ce an yi maka sata kana kan gadi."

"Ba gadi nake ba, hutawa nake."

"To ashe macijin Chaco ya fi ɓarawon Villarrica nauyin ƙafa."

Har wanda nake yi wa aski sai da ya yi dariyar da na kusa cire masa kunne. Nan take, da kumfa a hannuna, na sanar da su cewa zan sayi bindiga. Kuma ba irin tsohuwar mai baki ɗaya da Rufino ke tsorata aku da ita a gonar masara ba. Mai ɗana kanta zan saya, wadda kafin ɓarawo ya gama jin ƙarar farko ta biyar ta same shi. Na ce daga ranar da ta shigo unguwar nan kowa ya bar ƙofarsa a buɗe, ni na ɗauki nauyi.

Delfina ta ce in sayi kwaɗo mai kyau da kare. Na ce mata kare yana cin abinci kullum, bindiga kuwa sai ranar aiki. Ta ce nan ne kaɗai bindiga ta fi ni. Na sayar da babur ɗina ranar Alhamis, ranar Juma'a na shiga motar Asunción, babban birninmu.

Shagon bindigogin na wata mata ne mai suna Ña Griselda (a wurinmu Ña ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Don), doguwa, da tabarau rataye a wuya, irin matan da idan suka dube ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi tun kana firamare. Na shiga da takun tsohon soja, na ce ina son bindigar tsaron gida mai watsa ƙwayoyin dalma, kuma mai ɗana kanta. Ba ta ɗauko komai ba. Tambayoyi ta shiga jero mini: mene ne faɗin lungun da ke tsakanin ɗakuna, bangon na bulo ne ko na katako, wa ke kwana a bayansa, ina zan ajiye ta, yaushe rabona da harbi. Kowace tambaya na amsa mata da Chaco. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta gode ƙwarai, amma ita faɗin lungun take tambaya.

Daga baya ta jera guda uku a kan tebur. Ta farko mai baki ɗaya, ana karya ta a saka harsashi guda, ta ce wannan ko rijiya ta faɗa aka ciro ta za ta yi aiki. Ta biyu wadda ake jan mariƙinta baya a tura gaba bayan kowane harbi, ta ce ƙarar jan kaɗai tana sa ɓarawo ya tuna yana da uwa a gida. Ta uku ita ce tawa, baƙa wuluk, doguwa, tana sheƙi. Tana cin harsashi biyar, ka ja kunama ta harba, ta tofar da kwanso, ta ɗana wani da kanta. Ña Griselda ta ce bindiga ce mai kyau amma tana da zaɓen abinci. Idan aka ba ta harsashi mai rauni sai ta shaƙe, idan ba a tokare ta da kafaɗa sosai ba sai ta rama, kuma tana son shara da mai a kai a kai. Ta tsayar da ita a ƙasa kusa da ni, bakinta ya zo mini daidai haɓa. Ta dube ta, ta dube ni.

Da na ɗauki biro da hannun hagu zan cike takarda sai ta ɗora tabarau a hanci. Ta ce wannan bindigar ta dama take tofar da kwanso, da zafinsa, wato ta gaban fuskar bahago zai riƙa wucewa.

"Don Eulalio, da ƙanena ne kai, ta farkon nan zan ba ka, in haɗa maka da kwaɗo."

"Ña Griselda, ni ba ɓeraye zan kora ba."

"To shi ke nan. Ita dai bindiga ba ta san ka je Chaco ba, kafaɗarka kawai za ta gani."

Maganar kafaɗar nan ta tsaya mini a rai. Da muka zo kan harsashi na duba babu kowa a kusa, na sassauta murya na ce ta ba ni mafi sauƙin shuri da take da shi, saboda matata ce za ta koya. Ta sake tuna mini zancen shaƙewa. Na ce na ji.

Takardun izini sun ci mako bakwai. A cikin makonnin nan bindigar ta yi ta girma a shagona ba tare da kowa ya gan ta ba. A makon farko harsashi biyar take ci, a na uku ta koma tara, kafin na shida na ji kaina ina gaya wa wani direba cewa da ita sojojin wata ƙasa ke kakkaɓo jirgi. Ranar da na sauko daga mota da dogon kwali a kafaɗa, mata suka leƙo ta taga, mai sayar da chipa, burodin garin rogo da cuku, ta sauke kwandonta ta bi ni da kallo. Ban taɓa jin tsawona ya kai na ranar ba.

Ina shiga gida na ce wa Delfina za a yi atisaye. Babu harsashi a ciki, wannan kam ta tabbatar da idonta sau uku. Na tsaya a ɗaki, na ce ta buga murfin tukunya a tsakar gida a matsayin ɓarawo. Ta buga. Na fito lungu a guje, na juya dama, bakin bindiga ya daki bango, gindinta ya daki cikina. Na ɗaga ta sama don in samu hanya, ta shiga fankar silin da ke juyawa, fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Na sauke ta da sauri, ta share kan kabad, hoton aurenmu ya faɗi ta fuska, ƙaramin gunkin Budurwa Maryamu da surukata ta kawo daga ziyarar ibada a Caacupé ya rabu da kansa. Lokacin da na iso tsakar gida ɓarawona tana zaune a kujera tana tsince wake.

A ranar ta kafa doka. Bindiga a cikin kabad ɗin kaya a kulle, makulli a wuyanta, harsasai a gwangwanin biskit a can saman kantar kicin inda sai na taka kujera nake kaiwa. Na ce wannan ba tsarin soja ba ne. Ta ce tsarin gidanta ne. Muka sake gwaji tana duba agogo, daga lilo zuwa bindiga a hannu. Minti goma sha ɗaya, huɗu daga ciki wajen neman kujerar takawa. Ta ce ba laifi, ɓarawon zai samu lokacin soya ƙwai, amma ba zai kai ga wanke kaskon ba.

Tunda bindigar ba ta fita daga kabad, sai mutane suka fara ƙananan maganganu. Rufino ya ce a shago shi dai kwali ya gani, kuma tsintsiya ma a irin wannan kwalin ake kawo ta. Wannan ce ta tunzura ni. Na ce ranar Lahadi ta biyu a Afrilu kowa ya zo gonar Rufino ya gani da idonsa. Rufino ya ce shi kuma ya ɗauki nauyin nama, don irin wannan kallo ba a yinsa da yunwa.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma sai tunani ya zo mini cewa ai ɓarayin ma ya kamata su ji. Ranar Asabar na je gidan rediyon garinmu, shirin gaishe-gaishe, na karɓi makirufo a matsayin shugaban kwamiti. Na gargaɗi duk wani mai dogon hannu cewa kwanansa ya ƙare a unguwarmu. Na ambaci layukan ɗaya bayan ɗaya don kada a yi kuskure. Na ce gobe Lahadi duk mutanen unguwa, babba da yaro, za su hallara a gonar Don Rufino Galeano daga sha ɗaya na safe zuwa huɗu na yamma, mota za ta tashi daga gaban coci ƙarfe goma da rabi. Mai gabatar da shirin ya dube ni wani iri, ya tambaya ko na tabbata ina son a faɗi lokacin. Na ce ya ma maimaita.

Na bi gida-gida ina gayyata. Har Ña Anuncia na je wa, tsohuwar tela da mijinta ya rasu tun da daɗewa, wadda ba ta barin keken ɗinkinta sai zuwa coci. Ta ce tana da kayan faretin 'yan makaranta na watan Mayu, ta yanka duka ba ta haɗa ko rabi ba. Na ce yini ɗaya ba zai kashe ta ba, kuma ita da take zaune ita kaɗai ta fi kowa buƙatar ganin wanda ke tsaron ta. Na dame ta har ta yarda. Delfina ce kaɗai ta ƙi. Ta cire makulli ta ba ni, ta ce ita ta ga atisaye, ya ishe ta.

Mun isa gonar mu fiye da sittin. Rufino ya riga ya kafa ɓarawon a tsakiyar fili, sanda a tsaye, sanda a gicciye, tsohuwar rigarsa, da kankana a matsayin kai. Ya zana mata ido da gashin baki da gawayi, gashin bakin sak irin nawa. Na yi kamar ban gani ba. Can gefe ga wutar gashi, haƙarƙarin sa a jere jikin tsinkaye, mai na ɗiga. A saman wutar kaɗan ta baya ga tankin ruwan Rufino a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, wanda ya kafa bara yake nuna wa kowane baƙo kamar jikansa na fari. Kafin in fara, Rufino ya tattara kowa ya mayar bayan babbar motar, har mai juya naman. Na ce babu buƙata. Ya ce shi akwai.

Na yi jawabi na minti ashirin. Na saka harsasai, na ɗaga bindiga, na runtse ido ɗaya, na ja kunama. Shiru. Na sake ja. Shiru. Daga bayan mota Rufino ya tambaya ko ita ma barcin rana take. Sai na tuna da ɗan maɓallin kulle, na danna shi kamar dama da gangan na yi don in nuna wa jama'a amfaninsa.

Na ja ta tashi. Ƙarar ba ta kai wadda na yi wa mutane alkawari ba, kuma ƙura ta tashi ne wajen taku goma hagu da ɓarawon. Na ce wannan harbin gargaɗi ne. Na sake ja don na gaske, babu komai. Na duba, ga kwanso ya maƙale a gefenta, rabi ciki rabi waje, kamar mutum da taba a baki. Na ja da yatsa ya ƙi. Na jijjiga ya ƙi. Na ciro matajin aski daga aljihu na shiga sakace shi, gumi na shiga mini ido. Na ji muryar Ña Anuncia tana tambayar na kusa da ita, tsakaninta da Allah, ko ɓarawon jira zai yi ta yi duk tsawon lokacin nan. Aka ce mata wannan mai haƙuri ne.

Rufino ya zo ya karɓa, ya cire kwanson da ja ɗaya, ya ɗauki kwalin harsasaina ya karanta. Ya ce ai wannan ko kurciya aka harba da shi sai dai ta yi tari. Ya zura hannu a aljihu ya fito da nasa guda huɗu, jajaye, masu kauri, waɗanda yake ajiyewa don aladen daji. Amma bai miƙo mini ba. Ya matso kusa da kunnena yadda babu mai ji.

"Kompadre, bar ta haka. Mun gani, ba tsintsiya ba ce. Zo mu ci nama."

Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini, kuma na gan ta sarai. Amma na waiwaya na ga kawuna sittin a jere a saman mota da ƙarƙashinta, sai na ce da ƙarfi ya ba ni, dama irin waɗannan muka saba da su. Ya zazzage nawa, ya saka nasa, ya ba ni, ya koma bayan mota da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai yau ita ce tsoron shurin nake, don haka na ɗan janye gindin bindigar daga kafaɗata, wai don in ba ta wuri. Ta yi amfani da wurin. Ban ji ƙarar ba ma, abin da na ji shi ne kamar alfadari ya juyo ya auna ƙashin wuyana da ƙafa biyu. Kafin in gama jin wannan, kwanso ya fito ta gaban hancina, ya daki haɓata, ya faɗa cikin wuyan rigata, ya gangara da zafinsa har cibiya. Na daka tsalle. Yatsana yana kan kunama, ya matse da kansa, ita kuma ba ta jira kowa ba tunda ta riga ta ɗana. Na biyu ya tafi sama wajen gajimare. Shurinsa ya juya ni rabin zagaye, yatsan ya sake matsewa, na uku ya tashi. Na tafi da baya na zauna daɓas a kan abin da wata saniya ta ajiye da safen nan, wandona ya yage daga ƙugu har gwiwa.

Rufino ya rarrafo da ciki, ya zare bindigar daga hannuna, ya cire na huɗun. Sai muka fara jin wani sauti kamar ruwan sama a kan kwano. Tankin ne. Ruwa na tsartuwa daga ramuka fiye da goma, yana sauka daidai kan wutar. Tururi ya tashi, toka ta tashi, ta sauka a kan naman. Shanu kuwa tun harbi na biyu suka ɓalle shinge suka nufi gonar maƙwabci.

Ana cikin haka kankanar ta ɗan karkata, ta faɗo daga kan sanda. Daga inda nake zaune na ɗaga hannun da ke aiki na ce ga shi nan, ya faɗi. Rufino ya je ya ɗauko ta, ya juya ta gaba da baya a gaban jama'a, ko ƙwarzane babu. Ya ce lalle ya mutu, amma tsoro ne ya kashe shi. Wani ya tambaye shi ko haka nake harbi a Chaco. Rufino ya dubi tankinsa, ya dube ni, ya daɗe yana tunani, sannan ya ce shi dai abin da zai iya shaida shi ne a duk bataliya ba a taɓa samun ɓawo a jikin rogon da na fere ba.

Mun koma da wuri, wajen ƙarfe uku, da yunwa, ni a can bayan mota ni kaɗai saboda wari. Muna karyo kwanar layinmu dariyar da ake yi ta tsaya. Ƙofofi biyar a buɗe, kwaɗuna a ƙasa. Motar 'yan sanda tana gaban coci. Delfina na zaune a bakin ƙofarmu da tukunya babu komai a ciki kusa da ƙafarta.

Ta ba da labarin ba tare da ta ɗaga murya ba. Wajen sha biyu ta ji mota ta tsaya, ta ga maza uku da hula iri ɗaya, ta ɗauka masu kawo kaya ne. Sai da ta ga kayan fita suke yi ba shiga ba. Ta kira 'yan sanda, ta sauke tukunyar rogo daga wuta tana tafasa, ta fito ta tsaya a tsakiyar layi, ta ce musu mijinta na nan tafe da bindiga.

"Me suka ce?" Ni na tambaya, ban san dalili ba.

"Sun ce sun ji rediyo, sai ƙarfe huɗu. Sun ce a gaishe ka."

Ta watsa wa na kusa ruwan rogon, ya yar da talabijin ɗin da ke hannunsa, suka faɗa mota suka gudu da abin da suka riga suka loda. Da ba ta fito ba, da layin gaba ɗaya suka share.

Masu zagi suka yi zagi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ba zagin ne ya tsaya mini ba. Ña Anuncia ta shiga gidanta, ta ɗan jima, ta fito ta zauna a kan dakali da tef ɗin awo a hannu tana naɗe shi tana warwarewa. Sun ɗauke keken. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta taga ana hango yankakkun yadudduka fari da shuɗi a jere a kan gado, kowanne da sunan yaro a maƙale da allura.

Likita ya ce ƙashin wuyan ya tsage, ya rataye mini hannu. Ranar Litinin kwamitin unguwa ya yi taron da ya fi kowanne cika a tarihinsa, aka sauke ni cikin lokacin da bai kai na gyaran gashin baki ba. Da na dawo gida Delfina ta zuba mini miya, ta zauna tana kallona ina fama da cokali a hannun dama. Ba ta yi mini gori ba. Ta ce kawai motar Asunción ƙarfe shida take tashi, kuma ta ji an ce layin da ke bayan shagon matar nan duk kekunan ɗinki ake sayarwa.

Rufino ne ya raka ni, shi ya ɗauki kwalin tunda ni ba hali. A hanya na buɗe baki zan yi maganar tankin, ya ce in bar shi, ya toshe ramukan da roba, kuma tun jiya mutane ke zuwa kallo fiye da lokacin da yake sabo. Ña Griselda ta dubi majanyin da ke wuyana, ta dubi ƙunar da ke haɓata, ta buɗe kwali ta duba bindigar ciki da waje. Ta saye ta daga hannuna, aka cike takardu. Tambaya ɗaya ta yi, ko akwai wanda ya ji rauni ban da ni. Na ce babu. Ta ce to na fi wasu sa'a.

Keken da muka samu da kuɗin bindigar sabo ne, na lantarki, mai abin takawa a ƙasa. Daga tasha zuwa gidan Ña Anuncia a baro muka kai shi, Delfina ta riƙe hannu ɗaya na riƙe ɗaya, baron na tafiya a karkace. Mutane suka fito ƙofar gida. Wasu suka ƙame suna sara mini, mai chipa ta tambaya ko wannan harsashi nawa yake ci. Ban ɗaga kai ba.

Ña Anuncia ta sa aka ɗora shi a kan tebur inda tsohon yake. Ta shafa shi da tafin hannu, ta zura zare ba tare da ta nemi tabarau ba, ta ce tana son tsumma ta gwada kafin ta taɓa kayan yara. Delfina ta buɗe jaka ta miƙa mata wandona na ranar Lahadi, wankakke. Tsohuwar ta ɗaga shi ta auna yagewar da ido, ta shimfiɗa, ta taka. Keken ya ɗauka da gudu, ɗinki na fita a miƙe kamar an ja layi.

Daɗi ya kama ni. Na matso na fara yi mata bayani cewa mai shagon ya nuna mini komai, akwai wani maɓalli a gefe da idan aka murɗa shi gudun zai ninka. Na miƙa hannu zan nuna mata. Ta ɗora almakashi a kan yatsuna a hankali, ba ta ɗago kai daga ɗinkin ba.

"Don Eulalio, shi ma wannan mai ɗana kansa ne. Koma can bakin ƙofa ka tsaya."

Na koma bakin ƙofa na tsaya, hannu a rataye, har ta gama.